Guntun Icen Kawuna na Daddara

Ranar da aka shigar da mu ɗakin aikin hannu aka ce ko wane ɗalibi ya rubuta kayan da zai bukata in an tura shi makarantar ƙauye ya koya wa yara ɗinki, na leƙa takardun 'yan'uwana na ga kusan duka abu guda suka rubuta, watau keke, da almakashi, da allura, da zare, da dutsen guga. Ni kuwa na ƙara da guntun ice. Da aka karanta tawa a fili sai ɗaki ya ɗauki dariya, har wani ya ce ko girki zan koya wa yaran. Ban iya ba da amsa a lokacin ba, don ni mutum ne mai nauyin baki, sabo da haka na roƙi mai kula da wannan jarida ya ba ni ɗan fili in faɗi dalilina a rubuce.

Garinmu Daddara ne, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya, daga can kuma ta ƙetare iyaka ta shiga ƙasar Maraɗi. A nan kawuna, wan mahaifiyata, ya ke da ɗan shagon ɗinki, a nan kuma na ke wuni tun ina yaro in an tashi daga makarantar allo. Aikinsa riguna ne da wanduna, amma in kaka ta yi, sanyi ya fara busowa, sai ya zazzage buhun ƙyallayen da ya tara duk shekara, ya yanka su murabba'i murabba'i, ya harhaɗa, ya shimfiɗa auduga a tsakani, ya ɗinke ya yi bargo. Kusa da hannunsa na dama kullum akwai wani guntun icen ƙirya, tsawonsa taƙi guda, faɗinsa kamar yatsa huɗu, kaurinsa kamar uku. Ba fenti a jikinsa, ba zane, ba marfi, ba mariƙi. Bayansa ya yi baƙi ya yi santsi sabo da tafin hannu, cikinsa kuwa a shafe ya ke sumul. Ba shi da wani suna a wurinmu, in Kawu na sonsa sai ya ce, "Miƙo mini icen nan."

Ga yadda a ke aiki da shi. In ka haɗa ƙyalle biyu da keke, sai ka kife su a kan allo, ka buɗe bakin ɗinkin da farce, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka ɗora dutsen guga. Da ka ga tururi ya tashi sai ka ɗauke dutsen, nan take ka aza icen a daidai wurin, ka danna da nauyin kafaɗarka. Ba a jansa, ba a murza shi, danna shi kurum a ke yi a dakata. Kawu ya ce mini in tsaya gwargwadon yadda mutum zai karanta Fatiha sau ɗaya ba da gaggawa ba. In ka ɗaga sai ka tarar ɗinkin ya kwanta lumui, ka shafa da yatsa ba za ka ji inda aka haɗa ba sai da ƙyar. In kuwa ka yi guga kawai ka wuce, kafin ka kai ƙarshen layin farkonsa ya sake ɗagowa, don zaren auduga in ya sha zafi da laima ya kan yi laushi ya karɓi duk siffar da aka ba shi, amma ba ya riƙe ta sai ya huce ya bushe a kanta. Dutsen guga shi ke kawo laushin, icen shi ke tsare ƙyallen har ya huce, yana kuma shanye laimar. Shi ya sa ba a shafa wa icen mai ko fenti, don in an toshe ƙofofin jikinsa ba zai sha ruwa ba. Shi ya sa kuma ba a yinsa da ice mai ƙaro, don zafi zai narkar da ƙaron ya ɓata tufa.

A wajen bargo ne amfaninsa ya fi fitowa. Inda kusurwa huɗu suka gamu ƙyalle ya kan ninku har ya yi ƙulli kamar ƙwallon goruba, in keke ya hau kansa allura ta karye. Nan sai a juya icen a ɗan bubbuga wurin da gefensa, sa'an nan a danna. Amma da zarar an sa auduga an rufe, to, an gama da ice, an gama da dutse, don ɗumin bargo yana cikin iskar da audugar ta riƙe ne, wanda ya danne ta ya mai da bargonsa tabarma.

Kawu ya ce daga ubansa ya gaji icen, shi kuma uban nasa yana cikin masu ɗinka wa dawaki lifidi. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Katsina ya ga 'yan lifidi, doki da mahayinsa duk sun lulluɓe da tufa mai kauri, an cusa mata auduga an ɗinke layi layi don kada audugar ta zame ta taru wuri guda. Yanzu ado ne, amma da can kariya ce daga kibiya. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali a Kano. Yankinmu kuwa ya san amfaninsa ƙwarai, don bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na da suka kafa zama a Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hari shekaru masu yawa, mu kuwa muna tsakani. Ɗinkin bargon da Kawu ke yi ɗan'uwan ɗinkin lifidi ne, sai dai yanzu sanyi a ke karewa da shi.

To, ni da na shiga makarantar boko na fara jin kaina, sai na raina icen nan. Na ga ai ɓata lokaci ne mutum ya tsaya yana danne da itace alhali ga dutsen guga da garwashi jajur a cikinsa. In Kawu ya juya baya sai in ture icen da ƙafa in yi ta zuba guga, in gama ɗinki goma kafin ya gama huɗu. Yana gani, bai ce mini kome ba, sai dai in na tafi ya ɗauki nawa ya sake bi.

Ana nan, ana saura kwana kaɗan Babbar Salla ta 2019, sai wani dattijo abokin Kawu ya zo daga wajen Maraɗi da baƙar rigarsa ta shuni, irin wadda a ke kira kore. Ya ce ta ubansa ce, ba ya sa ta sai ran idi, ga shi ta ɓarke a hammata. Kawu ya ɗinke ta da hannu, ya ninke, aka kira salla ya fita. Ni kuwa na ɗaga rigar na ga wurin ɗinkin ya ɗan tattare, na ce bari in gwada wa Kawu abin da zamani ya kawo. Na kurɓi ruwa na fesa, na hura dutse har ya yi zafi ƙwarai, na ɗora. Wallahi ƙaurin da ya tashi har yau ina jinsa. Da na ɗaga dutsen sai na ga shuni ya manne a gindinsa, wurin kuwa, faɗin tafin hannu biyu, ya mutu murus, ba ƙyalli ko kaɗan, ya yi toka-toka a tsakiyar riga mai walƙiya kamar bayan hankaka.

A lokacin ban san abin da na yi ba, sai daga baya. Ƙyallin irin wannan riga ba guga ke kawo shi ba, bugu ne. Masu bugu su kan shimfiɗa tufa a kan wani dogon gungume mai santsi, su barbaɗa shuni, su zauna suna fuskantar juna ko wanne da ɗan bugunsa mai nauyi, su yi ta saukewa bi da bi har zaren ya baje ya lafe, shunin ya shige shi, fuskar tufar ta zama kamar madubi. Garin Kura ta ƙasar Kano ya yi suna da wannan aiki, har baƙin rawanin da Buzaye ke naɗawa a ke kiransa ɗan Kura. Baturen nan Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Watau abin da ice ya yi kwana yana kwantarwa, shi na tayar da ruwa cikin ƙiftawar ido, na kuma bi shi da wuta.

Kawu ya dawo ya tarar da ni tsaye riƙe da dutse. Ya ɗauki rigar ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Na so ƙwarai ya mare ni, da na sami sauƙi. Sai ya ce, "Ɗan nan, wa ya aike ka?" Na ce, "Ba kowa, Kawu." Ya ce, "To, tafi ka zubar da garwashin nan, kada ka ƙona mana shago kuma."

Da dattijon ya zo karɓa, Kawu bai ambaci sunana ba. Ya ce, "Alhaji, an yi ɓarna a hannuna, ka yi mini haƙuri, ka bar ta in kai ta wurin masu bugu." Dattijo ya yi shiru, ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Allah ya sa iyakarta ke nan." Ya tafi ya yi idin shekarar ba da rigar ubansa ba. Bayan salla Kawu ya ɗauki rigar da kansa ya tafi Kano, ya rufe shago kwana uku, kuɗin mota da ladan bugu duk daga aljihunsa. Ya dawo da ita ta yi kyau, sai dai wanda ya san wurin in ya karkata ta ga rana zai ga alama, don zaren da wuta ta taɓa ba ya komawa yadda ya ke. Kafin a aika wa mai ita, sai gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a cikin watan Agustan nan, ba a buɗe ba sai Disamba ta 1442 ta Hijira, watau 2020. Masu ƙarfin ƙafa sun yi ta bi ta daji, amma dattijon nan ba zai iya ba, Kawu kuma ya ƙi ba kowa saƙonta, ya ce ba za a yi wa rigar nan kasada sau biyu ba. Ta zauna cikin adakarmu wata goma sha shida. Duk ran da aka buɗe adakar za a ɗauki wani abu sai in ga gefenta, in rasa inda zan sa idona.

Cikin watannin nan ne na koma wa icen. Ba wanda ya ce in koma. Ciniki ya ja baya sabo da rufe iyaka, lokaci ya yi yawa, na zauna na haɗa bargo guda tun daga yanka har ƙarshe, ina danna ko wane ɗinki ina ƙirga Fatihata. Ya ɗauke ni kwana goma sha ɗaya. Da na gama Kawu ya shimfiɗa shi, ya bi kusurwoyin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini guda biyu da suka kauce, ya ce in ba mahaifiyata.

Abin da ya ba ni mamaki bayan na zo nan, na buɗe wani littafin koyon ɗinki na Turawa sai na ga hoton icen Kawu sak. Ashe telolin Ingila da na Amurka ma suna aiki da irinsa, musamman a kan tufafin ulu masu kauri da bargunan ƙyalle, suna kiransa da wani suna mai ma'anar mai tafi, a kantuna kuma a ke sayar musu da shi. Ban faɗi wannan don in ce sai da Bature ya yarda da abu ya zama abu ba. Na faɗa ne don na san halinmu, ni ma da a littafin na fara ganinsa da ban taɓa ture shi da ƙafa ba. Mu kuwa da za a rarraba mu makarantun da galibinsu ba wutar lantarki, wasu ko keken ɗinki ba su da shi, ya kamata mu san abin da ke samuwa a wurin. Masassaƙin ko wane ƙauye zai fitar maka da icen nan daga guntun da ya rage wajen sassaƙar taɓarya. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya riƙe shi ba ka jin tsoron ya ƙone, kai ka riƙe dutse, shi ya bi bayanka yana dannawa.

Da aka buɗe iyaka dattijon ya zo. Bayan sun gama gaisuwa da tambayar iyali, Kawu ya ce in ɗauko rigar. Na kawo na durƙusa na miƙa, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ni ne na ƙona ta, ba Kawu ba." Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya yi dariya ya ce, "Ai na sani tun ran nan. Shekara talatin kawunka yana yi mini ɗinki, yaushe zai sa wa kore wuta?" Sa'an nan ya warware rigar ya karkata ta ga rana, ya nemi wurin har ya samu, ya nuna mini da yatsa, ya ninke ta ya sa a jakarsa.

Wanda ke cikin akwatina yanzu ba na Kawu ba ne, don ya ce nasa ba ya fita shago. Wani ne ya sa aka sassaƙa mini da zan taho, na ƙirya shi ma, har yanzu bayansa bai yi baƙi ba. Wanda ya yi mini maganar girki, in ya sami sukuni ran Asabar ya zo ɗakinmu da wandonsa.