Gurasa a ranar dusar ƙanƙara

Shiru ne ya tashe ni da asubahin Litinin, 3 ga Janairu, 2022. Gidanmu yana bakin babban titi a wajen birnin Washington, ta ɓangaren jihar Maryland, kuma kunnena ya saba da gurnanin motoci tun kafin kiran sallah ya fito daga wayata. Ran nan babu ko ɗaya. Da gari ya waye na yaye labule, sai na ga titi da motoci da rassan itatuwa duk sun yi fari fat. Sabuwar dusar ƙanƙara cike take da ƙananan ramukan iska, su ne suke shanye sauti maimakon su mayar da shi, shi ya sa unguwa takan yi tsit kamar an kwashe mutanenta.

An rufe ofisoshin gwamnatin tarayya, makarantar 'yata ma ta aiko da saƙon a zauna a gida. Ni kuwa dama ranar hutuna ce. Sai dai hutun ɗan jarida a ranar da labari yake faɗowa daga sama hutu ne mai ƙaiƙayi. Sau uku ina ɗaukar waya in duba ko an neme ni. A karo na huɗu na kife ta a kan tebur, na buɗe kabad, na sauko da buhun fulawa.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, gurasa take yi a cikin birnin Kano. Da kuɗin gurasa aka saya mini littattafai tun daga firamare har jami'a. Amma ko sau ɗaya ba ta bari na sa hannu a kwaɓi ba. Idan na matso kusa da tanderu sai ta ce, "Tashi ki ɗauki littafinki, ke ba wannan wutar za ki sha ba." Na tashi, na ɗauki littafi, har ya kawo ni ƙasar da ruwan samanta yake daskarewa. Ta rasu ina nan, ban samu jana'izarta ba. Sai bayan rasuwarta na lura cewa na iya rubuta rahoto a kan farashin alkama a kasuwar duniya, amma ban san yawan ruwan da ake zubawa a kwanon fulawa ba. 'Yata mai shekara shida ta san sunan burodi iri-iri na kantunan nan, gurasa kuwa a hoto kawai ta taɓa gani.

Tsakaninmu da Najeriya a lokacin sanyi sa'a shida ce. Ƙarfe tara na safe a wurinmu, uku na rana a Kano, don haka na kira Inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta gaji tanderun.

"Inna, kun wuni lafiya? Gurasa nake so in yi. Kofi nawa na ruwa ake sa wa fulawa?"

Ta yi dariya har da tari. "Kofi kuma? 'Yar nan, hannunki ne zai gaya miki. Ki sa yis da ɗan sukari a ruwan ɗumi, irin wanda za ki yi wa jariri wanka. Gishiri kaɗan. Ki yi ta buga kwaɓin har sai ya yi danƙo yana bin hannunki, amma kada ya tsinke. Ki rufe, ki ajiye a rana."

Na juya mata wayar ta ga taga. Ta yi salati, ta ce, "To, Allah ya kyauta. Nemo masa inda yake da ɗumi."

Abin da Inna ta faɗa cikin jimla biyar, daga baya na tarar shi ne masana suke cika shafuka da shi. Yis halitta ce mai rai, daga dangin naman gwari. Yana cin sukarin da ke cikin kwaɓi, yana fitar da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. Ɗumi yake so: sanyi yana sa shi kasala, ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyos kuwa kashe shi yake yi. Ruwan wankan jariri na Inna ma'auni ne sahihi. Danƙon da ta ce in nema shi ne gulutin, wanda yake samuwa idan wasu sinadaran gina jiki guda biyu na cikin alkama suka haɗu da ruwa aka cuɗa su. Shi ne yake zama raga ya riƙe iskar da yis ya fitar, sai kwaɓi ya tashi. Gero da dawa ba su da shi, shi ya sa masa takan yi laushi amma ba ta jawuwa kamar gurasa.

Kwaɓina na farko bai tashi ba. Na ajiye shi kusa da taga saboda can ne haske yake, na manta cewa hasken hunturun nan ba ya ɗauke da zafi. Bayan sa'a ɗaya yana nan yadda na bar shi, sanyi ƙalau. Na kuma lura ya yi tauri, domin na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska, fulawar ma a bushe take, tana neman ruwa fiye da yadda na zata. Na ƙara ruwa, na sake bugawa, na kunna fitilar cikin oben kawai, na sa kwanon a ciki na rufe. Ɗan ɗumin ƙwan fitilar ya wadatar. Kafin azahar kwaɓin ya ninka, ya ɗago murfi, 'yata tana ihu wai yana numfashi.

Saura tanderu. A gidanmu tukunyar ƙasa ce babba, a hura kara a cikinta har bangonta ya ɗauki zafi, sannan a jiƙa hannu a manna kwaɓi a jikin bangon. Sirrinta shi ne ƙasar tana tara zafi ta ba kwaɓin gaba ɗaya a take, sai ya kumbura kafin bayansa ya bushe. Obena iyakarsa digiri 260. Na kife kaskon ƙarfe mai kauri a ciki, na bar shi rabin sa'a yana shan zafi, sannan na jiƙa hannu na ɗora. Ta farko ta ƙone a ƙasa, ta biyu ta fito fara kamar ba ta ga wuta ba. Ta uku ce ta yi ja-ja, da ƙananan ƙuraje a fuskarta. Wannan launi da ƙamshinsa suna fitowa ne idan zafi ya haɗa sukari da sinadaran gina jiki, abin da wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Ni dai abin da hancina ya ji shi ne soron gidanmu da sassafe, lokacin da 'yan talla suke layi da farantansu. Na tsaya riƙe da tsumma, hawaye ya zo ban shirya masa ba.

Na daka ƙuli-ƙulin da na daɗe ina ɓoyo a firji, na zuba man gyaɗa da yaji da albasa, muka yi bandashe. 'Yata ta ture albasar gefe, ta cinye sauran, ta ce a ƙara.

Sai washegari na san girman abin da ya faru a ranar da na kife waya. Ruwan sama ne ya fara sauka kafin dusar, don haka ba a samu damar zuba wa tituna gishiri tun da wuri ba. A babbar hanyar I-95, wajen Fredericksburg a jihar Virginia, manyan motoci suka zame suka tare hanya, ɗaruruwan matafiya suka kwana a cikin motocinsu cikin tsananin sanyi. Sanata Tim Kaine yana cikinsu, ya yi kimanin sa'a 27 daga Richmond zuwa Washington, tafiyar da ba ta wuce sa'a biyu. A cikin cunkoson akwai motar wani kamfanin burodi na Baltimore. Wasu matafiya suka kira kamfanin, aka ba direban izini ya buɗe, aka bi motoci ɗaya bayan ɗaya ana miƙa wa mutane burodi.

Da na karanta, ɗan jaridar da ke cikina ya ji haushin rasa labarin. Amma na daɗe ina tunanin mahaifiyata. Ta nisanta ni da tanderu ne don ƙauna, ta san abin da hayaƙi ya yi wa idanunta. Mu da aka tura boko da kuɗin gurasa da ƙosai da ɗinki muna da yawa, kuma da yawanmu mun karɓi takardar shaida mun bar sana'ar a hannun tsofaffin da ba su rubuta komai ba. Ma'auninsu yana cikin tafin hannunsu, ranar da aka binne hannun an binne shi.

Na tura wa Inna hoton gurasa ta uku. Ta aiko da saƙon murya: "Ta yi kauri, kuma wutarki ba ta isa ba. Amma gurasa ce. Da Yaya tana nan da ta yi miki faɗa, sannan ta ci."

Tun daga ranar, duk abin da Inna ta ce hannu ne zai gaya mini, sai in auna shi a sikeli in rubuta a wani ɗan littafi. 'Yata ce take riƙe sikelin, ita ce kuma take jiƙa hannu ta ɗora ta ƙarshe.