Daga Agege Zuwa Oshodi da Mota Mai Kuka

Sayayyar bikin 'yar yayata ce ta fitar da ni daga Zangon Agege, domin da yawa daga masu neman atamfa da leshi da rangwame a Legas, kasuwar Oshodi suke nufa. Na bi ta Mangoro na hau babban titin da ya ratsa Ikeja Along da Shogunle. A hannu guda titin motocin BRT ne na Oshodi zuwa Abule Egba da aka buɗe a 2020, suna wucewa abinsu, mu kuwa muna jan ciki a tsakanin danfo da tireloli.

A cikin wannan cunkoso motar ta fara nuna halinta. Da na taka burki na tsaya, sai sitiyari ya ɗauki kakkarwa, allurar inji ta sauka ƙasa da 700 ta sake ɗagowa, kamar za ta mutu. Ƙarƙashin hayaniyar hon kuma ina jin wani siririn kuka irin na sauro a kunne. In hanya ta buɗe na ba ta wuta, komai ya lafa. Ga fitilar cek ta kama a gaban direba. A Legas mota ta fi daɗewa a tsaye da inji kunne fiye da a guje, don haka wadda ba ta da sulo mai kyau wahala ce zalla.

Da ƙyar na kai Bolade na gangara gefe. Kafin in buɗe bonet mutane sun kewaye ni, wannan ya ce fulogi, wancan ya ce famfon mai, kowa da shagon da zai kai ni. Wani mai shayi ɗan Sakkwato ne ya yi mini kwatancen garejin wani dattijo Bazazzage a bayan layin dogo.

Da na isa muka gaisa da dattijon, ya ce, "Alhaji, bar ta a kunne, kada ka kashe." Bai taɓa sifana ba tukuna. Tambaya ya fara yi: kukan da sanyin safiya yake zuwa ko sai inji ya ɗau zafi? Yana ƙaruwa in an taka totur ko raguwa yake? Sannan ya sa na murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Kukan bai sauya ba, ya ce to ba famfon sitiyari ba ne. Ya kara kunne a kujerar baya, saitin tanki, ya ce famfon mai lafiyarsa lau. Ya ɗauko doguwar sukudireba ya dafa bakinta a jikin altaneta, ya manna ƙotar a kunnensa, yana kaffa-kaffa da bel ɗin da ke juyawa. Ya girgiza kai. "Da boris ne, da kukan ya bi totur ya hau sama. Wannan kuwa da an taka yake ɓacewa. Iska take sha ta inda bai kamata ba."

Ya sa yaronsa ya kawo ruwan sabulu a gora mai feshi, ya bi tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan wani ɗan tiyo da ya fito daga murfin inji ya shiga manifol, kukan ya ɗauke na ɗan lokaci, injin ya daidaita, sannan ya koma. Ya lanƙwasa tiyon da yatsa ya ce in duba. Ta sama lafiya ƙalau yake, amma ta ƙasa ya bushe ya tsage, tsagar ba ta kai tsawon farce ba.

Na ce, "Baba, wannan 'yar tsagar ce ke girgiza mota guda?" Ya yi mini bayani dalla-dalla. Injin fetur yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai. Kwamfutar mota tana auna iskar da ta shigo ta hanya, ta ba da mai daidai da ita. Wadda ta kutso ta tsaga ba a ƙidaya ta ba, sai mai ya yi ƙaranci, wuta ta riƙa tsallake. A sulo bakin totur a rufe yake, inji na zuƙa da ƙarfi, shi ya sa tsagar ke fito. In an taka, iskar hanya ta yi yawa ta rinjayi ta ɓarauniyar hanya. Wani matashi mai na'urar duba mota ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ta nuna P0171, wato mai ya gaza iska. Abin da kunnen dattijon ya faɗa shi na'urar ta maimaita.

Kasuwar Ladipo da ke Mushin, matattarar kayan gyaran mota a Legas, ba nisa daga nan. Yaron ya je ya dawo da tiyo kafin mu idar da azahar. Aka ɗaura, allura ta zauna wuri ɗaya, kukan ya tafi. Na wuce ta gaban katafariyar tashar motar Oshodi da aka ƙaddamar a 2019, na yi sayayyata, na kama hanyar gida kafin cunkoson yamma.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu direban da ke da kuɗin canza fulogi da famfon mai a kan zato. 'Yan'uwana masu mota, in kun ji baƙon sauti, ku lura da lokacin da yake zuwa da abin da ke sauya shi, ku faɗa wa bakanike. Kada ku yarda a saya muku ko ƙusa sai an nuna muku inda ciwon yake da idonku.