Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tunawa da Tashar Kumbo ta Kano

Duk wanda ya tashi a Fagge ya saba da rugugin jirgin sama. Filin jirgin yana bayanmu, kuma muna yara idan babban jirgi ya taso, sai karatun allo ya tsaya cak har ya wuce, sannan malam ya ɗaga bulala mu ci gaba. A dakalin ƙofar gidanmu na fara jin labarin da zan ba ku, daga bakin wani dattijo abokin mahaifina wanda ya yi tuƙi a filin jirgi. Ya ce mana akwai zamanin da Amurkawa suka kafa tasha a bayan gari, suka kakkafa eriya, suna magana da mutumin da ke cikin kumbo yana zagaya duniya. Mu dai mun ɗauka irin tatsuniyar manya ce. Sai da na girma na karanta tarihin abin, na tarar Baba gaskiya ya faɗa, har ma bai faɗi rabinsa ba.

Fagge dama zangon matafiya ce. Nan ayarin Agadas da na Gat suke sauke kaya, nan madugu yake zama da jagaba su lissafa rijiyoyin da ke gaba da kwanakin da ke tsakaninsu kafin raƙumi ɗaya ya miƙe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi. A watan Nuwamba na 1925 jiragen saman sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. Saboda haka da zamanin kumbo ya zo, garin da hanyoyi suka saba ratsawa ya sake samun kansa a kan hanya.

Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, Amurka ta kafa hukumar NASA a 1958, ta fara shirin Mercury domin tura mutum ya zagaya duniya ya dawo da rai. Matsalar ita ce rediyon kumbo ba ya jin magana sai yana saitin tasha, da ya faɗa bayan doron ƙasa shi ke nan, sai shiru. Wannan ya sa aka jera tashoshi 18 a kan hanyarsa, wasu a tudu wasu a jiragen ruwa. Idan aka harba shi daga Filorida, zai ratsa tekun Atilantika ta Bamuda da tsibiran Kanari, ya shigo Afirka, ya fita ta Zanzibar ya nufi Ostireliya. Kano ce tasha ta 5, Zanzibar ta 6. An yi yarjejeniyar da gwamnatin Nijeriya a 1960, shekarar samun 'yancin kai, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya.

Aikin tashar shi ne sauraro da magana. Kumbon yana aiko da bayanan bugun zuciyar matuƙi da numfashinsa, da sauran iskar shaƙa, da man da ya rage, da zafin ɗakin. Yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, don haka 'yan mintuna kaɗan tasha take da su kafin ya ɓace mata. A cikinsu mai magana da matuƙi, da injiniyan da ke duba na'urori, da likita, za su karanta allunansu, su yanke hukunci, su buga taƙaitaccen rahoto ta na'urar tangarahu mai keken rubutu zuwa Amurka.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi karkata. Mutanen da suke da 'yan mintuna irin waɗannan ba su da damar koyo a ranar aiki, kuma Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa yawancin kwanakin tashar a kan atisaye suka ƙare. Akwai ƙungiya guda a NASA da ba ta da aiki sai shirya tafiyar kwaikwayo. Su naɗi bayanan kumbo a tef, su cusa matsala a ciki da gangan: iska tana zurarewa, ko mai yana ƙarewa, ko zuciyar matuƙi ta rikice. A aika wa kowace tasha nata tef, a kunna shi daidai mintin da kumbon gaske zai iso samanta. Allurai su motsa kamar da gaske, ma'aikata su yi ta fama, bayan an gama a zauna a bi kuskuren kowa ɗaya bayan ɗaya. Gobe a sake, da wata sabuwar matsala.

Har kumbon ma an yi masa mutumin kwaikwayo. Ran 13 ga Satumba 1961 aka harba kumbon Mercury na farko da ya zagaya duniya sau ɗaya, a kujerar matuƙi an ɗaura wani akwati mai zuƙar iska ya fitar da gurɓatacciya, kamar yadda ɗan Adam yake yi, da tef mai muryar mutum domin tashoshi su gwada sauraro. Ran 29 ga Nuwamba aka tura biri mai suna Enos ya yi zagaye biyu. Lissafin hanya kuwa yana hannun manyan kwamfutoci biyu ƙirar IBM 7090 a cibiyar Goddard ta NASA, kowace ta cika ɗaki. Da yake ba a gama sakin jiki da su ba, matuƙin kumbo John Glenn ya nemi Katherine Johnson, baƙar fata masaniyar lissafi, ta bi alƙaluman da hannu kafin ya yarda ya hau. Ta bi, suka yi daidai.

Ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962 ta faɗo a tsakiyar watan azumi. Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma agogon Nijeriya aka harba Glenn a kumbon Friendship 7, bayan kamar minti ashirin sai ga shi a saman Kano. Ku kwatanta garin a wannan lokaci: ana sallar la'asar, masu ƙosai sun fara hura wuta, 'yan dako suna jera buhuna a dalar gyaɗa, kasuwar Sabon Gari tana cike. Can sama kuma, a nisan da bai wuce kwatankwacin Kano zuwa Zariya ko Kaduna ba, wani mutum ya leƙo ta taga ya gaya wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Ma'aikacin tashar ya amsa masa cewa an yi kusan mako ana iska mai ƙarfi. Hazon hunturunmu ke nan, wanda yake fasa mana leɓe da dunduniya, ya shiga tarihin tafiyar sararin samaniya. A saman Kano ne kuma Glenn ya karɓi tuƙi da hannu ya juya kumbon.

Tafiyar ba ta tafi lami lafiya ba. Wata alama ta nuna cewa garkuwar da za ta kare shi daga ƙuna wajen dawowa ta kwance. Da gaske ne, da ya ƙone ƙurmus. Aka yi shawara cikin natsuwa, aka canja tsarin saukowa, ya faɗa teku lafiya bayan zagaye uku, cikin awa 4 da minti 55. Daga baya aka gano alamar ce ta yi ƙarya. Wannan natsuwa a ɗakin atisaye aka koye ta.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ran 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi waya da Shugaba Kennedy na Amurka ta tauraron ɗan Adam Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tashar Legas. Tashar Zanzibar ta rufe bayan juyin juya halin 1964. Ta Kano ta ci gaba har shirin Gemini da ya gaji Mercury, wanda aka kammala a 1966, shekarar da ƙasarmu ta shiga tashin hankalin da Sabon Gari ta ɗanɗani ɗacinsa. Daga nan NASA ta sake tsarin tashoshinta domin tafiya wata, aka rufe ta Kano, labarinta ya bi ta.

Al'adar atisaye kuwa ta ɗore, kuma ita ta ceci Apollo 11, tafiyar sauka a wata. Kwanaki kaɗan kafin tafiyar, masu shirya kwaikwayo suka jefo wata ƙararrawar kwamfuta da ba a saba gani ba. Matashin injiniya Steve Bales ya ce a fasa sauka, aka nuna masa cewa bai kamata ba. Sai aka sa abokin aikinsa Jack Garman ya rubuta duk irin waɗannan ƙararrawa a takarda, da abin da za a yi wa kowace. Ran 20 ga Yuli 1969, ana dab da sauka a wata, sai ga lamba 1202 ta fito. Suka duba takardar suka ce a ci gaba.

Abin da a da sai da tef da ɗakunan na'urori, yau manhaja ce. Kafin a ƙera tauraron ɗan Adam, ana harba shi sau ɗaruruwa a cikin kwamfuta. A ba ta nauyinsa da hanyarsa, ita kuma ta lissafa jan ƙasa da na wata da na rana, ta nuna man da zai sha, da mintunan da zai yi a inuwar duniya ba hasken da zai cika batirinsa, da lokacin da kowace tasha za ta gan shi. Akwai ta sayarwa irin STK, akwai kuma GMAT wadda NASA ta saki kyauta ga kowa. Kwanan baya na bi ta titin Beirut na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, na sa GMAT a kai, na shigar da inda Kano take a taswira. Ɗan ƙanena yana gefena muka ga siririn layi ya taso daga teku ya ratsa ta kan garinmu, manhajar ta rubuta mintin shigowa da na fita. Ya ce, “Baba, wannan shi ne aikin da Turawan nan suka yi?” Na ce masa shi ne, kuma wannan 'yar kwamfutar ta ninka tasu ƙarfi sau dubbai.

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. An kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, aka harba tauraron NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, sai a 2011 aka maye gurbinsa. A 2011 ɗin kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila. Duk wanda ya ga yadda tauraro yake mutuwa a inda hannu ba ya kaiwa, ya san darajar a gwada komai tun yana ƙasa.

Abin da yake damuna shi ne ɗalibi zai gama sakandare a Fagge ko Sabon Gari, ya haddace sunan Glenn domin jarrabawa, bai taɓa jin cewa da garinsu Glenn ya yi magana ba. Yaran da suke kwance waya su ɗaura a titin Beirut da titin Faransa ba basira suka rasa ba, wanda zai nuna musu ƙofa suka rasa. Ina roƙon masana tarihi na Jami'ar Bayero da masu kula da Gidan Makama su tattara hotuna da takardun wannan tasha, su nemi dattawan da suka yi aiki a cikinta su naɗi muryarsu tun suna raye, a kafa allo a inda take. Malaman lissafi da kimiyya kuma su saukar da manhajar nan, tunda kyauta ce, su zaunar da ɗalibai su zana hanyar tauraro da kansu, su yi kuskure su gyara. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai ga wanda ya ci gaba da tafiyar. Allah Ya sa mu ga ranar da ɗan Kano zai sake zama gaban allo yana jiran kumbo, wannan karon namu.