Masu Ambato da Masu Shanu

Da la'adar dillanci aka biya mini kuɗin makaranta, tun daga firamare har na fito likitan dabbobi. Mahaifina dillali ne a Kasuwar Shanu ta Potiskum, kuma a gidanmu ranar Laraba ce ke faɗa mana yadda sauran mako zai kasance. Shanun da ke cika karar nan ba na Yobe kaɗai ba ne. Akwai jajayen Rahaji masu dogon ƙaho, da fararen Bunaji, da Wadara na Larabawan Shuwa, wani lokaci har da Kuri na bakin tafkin Chadi. Wasu daga Nijar suka tako, wasu daga Chadi da Kamaru, kafin dare kuma an loda su a tireloli sun kama hanyar Legas da Fatakwal da Onica.

Da na koma koyarwa a jami'a sai na tarar can ma ana tayi, sai dai ba da baki ba. Kowane malami yana da lambar da ke bin sunansa: takardun bincike nawa ya buga, sau nawa wasu masana suka ambace su a nasu rubutun. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin ƙirga ambato a 1964. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya matse rayuwar malami duka a lamba guda: in an ce lambarka 10, to kana da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Google Scholar kuma ya ɗora lissafin a wayar kowa. Kamar sa ne a tsakiyar kara, kuɗinsa shi ne abin da masu sayen da suka zo ranar suka taya, ko da kuwa ya fi haka a idon mai shi.

Akwai shekarun da nakan buɗe shafina bayan sallar asuba, tun kafin in gaisa da iyali, in ga ko lambar ta motsa. Kuma ba na cikin masu zaginta. Ɗan dillali ba shi da kawu a majalisar jami'a. Ranar da aka zauna ƙarin girma, lambar nan ce ta tsaya mini shaida, da ita na gina ɗakin da nake kwana.

Yawancin ambaton nawa daga jinin shanun Potiskum ya fito. Bakkale nake bi, cutar da ke sa saniya ɓari, ta kumbura mata gwiwa, ta kuma tsallaka ga mutum ta madarar da ba a dafa ba, ko ta hannun mahauci, ko na makiyayin da ya taɓa mabiyiya. A jikin mutum zazzaɓi take kawowa mai tafiya yana dawowa, a yi ta ɗura masa maganin maleriya da taifot a banza. Gwajin farko ba wuya: a ɗebi jini a jijiyar wuya, a bar shi ya kwanta, a ɗiga ruwansa a faranti a gauraya da ruwan gwaji, in ya yi gudaji cikin minti huɗu akwai alamar cutar. Kasuwa ta fi ruga sauƙi ga mai bincike, ga shanu a ɗaure, ga 'yan kamu, ba sai ka bi garke cikin daji ba.

Wata Laraba wani tsohon abokin mahaifina ya tsaya yana kallona ina jera kwalabe a cikin kula.

"Likita, wannan jinin da kake ta zuƙa, na shanun ina za ka ce?"

"Na Potiskum mana, Baffa."

"Potiskum masauki ce, ɗana. Wancan jan daga hayin iyaka ya kwana. Kuma ka taɓa ganin Bafulatani ya kawo saniyar da ke haihuwa tana ba da nono? Wadda ta yi ta ɓari, da tsohuwa, da mai tari, su yake fitarwa."

Duk dillali ya san wannan. Abin da ka samu a jinin kasuwa ko na kwata hoton shanun da aka rabu da su ne, ba na garken da aka bari a ruga ba. Na rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardar, sakin layi guda cur. Da ta fito aka fara ambatonta, sai na riƙa bin masu ambaton ina karantawa. Wannan ya ce kashi kaza na shanun Yobe suna da bakkale, ya sa sunana. Wancan ya kwafa daga wannan, ya faɗaɗa ta zama arewa maso gabas. Da gani taƙaitawar farkon shafi kawai suka leƙa. Kowanensu kuwa ya ƙara mini lamba, don na'urar ba ta bambanta wanda ya fahimce ka da wanda ya murɗe maganarka ba. Har wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, lada ɗaya yake ba ka.

Takardar tambayoyin da muke cikewa ma tana da nata ramin. Akwai layin da ke cewa shanu nawa gare ka. Makiyayi zai dube ka ya faɗi wani abu, kai kuma ka rubuta, a zuba a kwamfuta ta fitar da matsakaicin garke har da ɗigo. Wanda ya san tarihin jangali ba zai yarda da lambar nan ba. A zamanin En'e bisa kan kowace saniya ake biya, saboda haka mai littafi da alƙalami da ya zo ƙirga asara ya kawo, aka gaji ɓoye rabin garke a kurmi tun daga kakanni. Ga tsoron baki, ga kunyar faɗin dukiya, yanzu kuma ga ɓarayin shanu da masu garkuwa. Ta wannan ƙofa na faɗa tarihi ban shirya ba.

Na fara zama da tsofaffin dillalai da ardo-ardo da rikoda, ina tambayarsu labarin bushiya, annobar shanu. Annobar ta shigo Afirka ta Massawa a 1887 tare da shanun da sojan Italiya suka kawo, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashenmu. Bafaranshen nan Monteil, da ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891 ya isa Kukawa a 1892, ya ba da labarin irin ɓarnar da ta yi wa Fulani. D. J. Stenning ya zauna da Woɗaaɓe na yammacin lardin Barno, wato yankinmu, littafinsa ya fito a 1959. Amma tsofaffina ba daga littafi suke magana ba. Wasu sun ga gangamin allurar da aka fara a ƙasashen tafkin Chadi a 1962, da rigakafin Walter Plowright, wanda ya taɓa aiki a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Dukansu kuwa sun ga dawowarta a 1983. Suna faɗin ta wace hanya ta shigo, wace kasuwa aka fara ganin sa yana hawaye da dalala da zawo, yadda farashi ya faɗi har fata ta kusa fin nama daraja, da wanda ya wayi gari ba ko maraƙi ya koma gadi a birni. Wani ya yi mini bayanin yadda suke karanta shaidar da masu allura ke yanka wa a kunne kafin su taya. An shelanta kawar da bushiya daga duniya a 2011, cuta ta biyu bayan agana, kuma ɗalibaina na yanzu ba wanda ya taɓa ganinta.

Rubutun da na fitar daga waɗannan hirarraki ya fi kowace takardar jini cin lokacina. Ya fito a wata mujallar gida, kuma masu ambatonsa ba su cika hannu ɗaya ba. Kwamitin ƙarin girma ya ba shi maki mafi ƙanƙanta, wani ma ya tambaya me ya haɗa likitan dabbobi da tatsuniyar tsofaffi.

Na daɗe da daina jin haushin wannan, don na gane yadda awon yake. Masu binciken lafiya dubbai ne, suna rubutu gajere, suna bugawa da sauri, suna ambaton juna da yawa. Takardar Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan yadda ake auna furotin, mujallar Nature ta ƙirga a 2014 an ambace ta sama da sau 300,000, saboda duk wanda ya yi awon a ɗakin gwaji sai ya faɗi hanyar da ya bi. Masu tarihin kiwo a ƙasar Barno kuwa tabarma ɗaya za ta ɗauke su. Sanannen awon darajar mujalla shekara biyu kawai yake waiwaya, alhali littafin tarihi a shekara biyu ko gama zagaya ɗakunan karatu bai yi ba, kuma mai shafi 300 abu ɗaya ake ƙirga shi daidai da takarda mai shafi huɗu.

Wanda ya taka fagagen biyu shi ya fi shan wannan. Murray Last ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa na Daular Sakkwato a 1967, daga baya ya koma ƙauyukan Malumfashi yana nazarin yadda Hausawa ke jinya. Maƙalarsa ta 1981, kan cewa rashin sanin dalilin ciwo, da rashin damuwa da a sani, shi ma wani ɓangare ne na al'adar magani, masu nazarin lafiya ke ambatonta. Littafin kuma na masu tarihi ne. Na sha haɗuwa da wanda ya san ɗaya bai taɓa jin ɗayan ba. Shi ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello fagagen biyu ya taka: ya rubuta Infaƙul Maisuri a tarihi, ya kuma yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir. Kusan shekara 200 malamai suna kwafa da hannu, suna karantarwa a zaure, kowa yana faɗin wanda ya karɓa daga gare shi. Wannan ma ambato ne, har ya fi namu tsauri, amma ba ya shiga kundin ƙirga ambato irin Scopus.

Bara wani ɗalibina mai neman digiri na biyu ya zo da tambaya, shi ma jinin kasuwa zai yi, amma ya karanta rubutun bushiya ya ji yana so.

"Malam, wanne zan kama?"

Na ce ya kama jinin, shi kwamiti ke ƙirgawa, kuma yana da aure a gaba. Amma duk saniyar da ya soka wa allura ya rubuta daga ina ta taso, hannu nawa ta bi, me ya sa mai ita ya rabu da ita. Ya riƙa zuwa da sassafe kafin kara ta cika, lokacin da dillalai ke shan shayi suna da bakin magana, ya nemi waɗanda suka bi garke a 1983, don ƙaraminsu yanzu furfura ta cika masa kai. Ya tafi, ya dawo da littafi cike, yana tambaya a wane babi zai zuba wannan duka kada mai jarrabawa na waje ya ce ba kimiyya ba ce. Na ce ya sa a babi na uku, ƙarƙashin yadda aka zaɓi dabbobin gwaji, nan ba mai iya soke shi.