Melton Mowbray, Garin da Ake Gina Fai Kamar Tukunya

A arewa maso gabas da birnin Lesta na ƙasar Ingila, birnin da ƙungiyar ƙwallonsa ta ba duniya mamaki da cin kofin Firimiya a 2016, akwai wani ƙaramin garin kasuwa mai suna Melton Mowbray. Daga Lesta, inda nake aikin jinya, tafiyar ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa. Garin manoma ne da makiyaya, kasuwarsa na ci ranar Talata, har da kara ta shanu da tumaki. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne fai, wato abincin nan da ake lulluɓe haɗi a cikin kwaɓin fulawa a gasa. Mit-fai da muke saya wa yara a Kano ko Kaduna daga wannan dangi ya fito, Turawan mulkin mallaka ne suka kai mana shi, mu kuma muka ƙara masa attaruhu.

A watan Disamba ne garin ya fi cika. Sanyi na ratsa ƙashi, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga fitilun Kirsimeti a rataye a kan tituna. A titin Nottingham za ki tarar da layi a bakin shagon Dickinson & Morris, inda ake gasa fai tun 1851. A wannan yanki akwai gidajen da al'adarsu ce su karya kumallo da fai mai sanyi a safiyar Kirsimeti, shi ya sa kowa ke hanzarin ajiye nasa.

Uwargida, bari in faɗa miki tun da wuri: shahararren fai na garin da naman alade ake yin sa, ɓawon kuma da kitsen alade. Don haka ni kallo ya kai ni. Amma kallon ya biya kuɗin jirgi.

Asalin abin daga cuku ne. Yankin ya yi suna da cukun Stilton, kuma ruwan da ke tsiyayewa idan an haɗa cuku da shi manoma ke kiwon aladu. Nama ya wadata, sai aka nemi hanyar adana shi da ɗaukar sa zuwa gona. Daga baya masu kuɗi da ke zuwa farautar yanyawa a kan dawaki suka ɗanɗana, suka kai labarinsa Landan. A 2009 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ta yadda ba mai kiran nasa fai na Melton Mowbray sai an yi shi a yankin, bisa tsarin da aka gada.

Tsarin shi ne abin koyo. Mu mun saba murza bota mai sanyi cikin fulawa. Su kuwa tafasa ruwa suke yi da kitse da gishiri, su juye a kan fulawar da zafinsa. Kwaɓin sai ya yi laushi kamar yumɓu. Mai aikin zai ɗora wani gungumen katako mai kamar guntun taɓarya a tsakiyar curin, ya riƙa jan kwaɓin sama da tafin hannunsa yana juya shi, har ya zama ƙoƙo. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban mai ginin tukwane za ta gane motsin hannun nan take. Sai a zare katakon, a cika da yankakken nama, a rufe, a matse baki da yatsu. Ba a sa shi a gwangwani, a tsaye yake shiga tanda, shi ya sa yake fitowa da ɗan tumbi. Bayan ya gasu, ta ƙaramar hudar da ke samansa ake ɗura romon ƙashi. Idan ya huce romon ya daskare, ya cike gurbin iska, naman ya daɗe bai lalace ba. Dabarar mutanen da ba su da firiji ke nan.

Ado kuwa da ragowar kwaɓin ake yin sa. Ana yanka ganyaye, a zana musu jijiyoyi da bayan wuƙa, a jera su kewaye da hudar. Wasu na yin kitso mai igiya uku su zagaye baki da shi. Ruwan ƙwai ne ke manne su, shi ne kuma ke ba da launin zinariya idan an shafa sau biyu. Garin bai ɗauki abin da wasa ba: tun 2009 ake gasar fai ta ƙasa baki ɗaya a cikin cocin Saint Mary, kuma sharaɗinta shi ne haɗin ya kasance a rufe ruf, sama da ƙasa da gefe.

Sai mai zaƙi, wanda shi ne ainihin alamar Kirsimeti a duk Ingila. Ƙarami ne, bai wuce tafin hannun yaro ba. A da can har da naman rago ko na sa ake zubawa a ciki, yanzu sai zabibi, tuffa, ɓawon lemo, sukari, kitse, kirfa, kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Ana haɗa su makonni kafin biki a rufe a kwalba, ƙamshin ya kama. Maimakon murfi, wani lokaci tauraro ake yankawa a ɗora, a barbaɗa garin sukari kamar dusar ƙanƙara. A daren jajibere yara kan ajiye guda ɗaya a faranti wai don Baban Kirsimeti, da karas don barewarsa.

Nan ne ya kamata mai zuwa ƙasar ta buɗe ido. Ganin babu nama ba ya nufin babu matsala, domin da yawa ana zuba musu giya a cikin haɗin, wasu kuma da kitsen dabba ake yi. Ki juya kwalin ki karanta kafin ki miƙa wa yaro, musamman a wannan wata da makarantu da maƙwabta ke rabon su. A Lesta abin da sauƙi, don unguwanni irin su Highfields da Evington cike suke da mahautan halal.

A ɗakin marasa lafiya ma watan na zuwa da nasa. 'Yan uwa kan shigo da kwalaye, kuma ga tsohon da zai yi biki a gadon asibiti, wannan ɗan fai shi ne ƙamshin gidansu. Amma mai ciwon sukari da ya ci biyu ko uku a jere, awon jininsa zai nuna. Ba hana shi muke yi ba. Mukan ce ya ci ɗaya, bayan abinci, ba da cikin yunwa ba. Shawarar da zan bayar ke nan a kan alkaki da nakiya da dubulan ranar Sallah.

Idan kina son gwadawa, ba ki buƙatar komai daga Ingila. Ki tafasa ruwa mililita 200 da kitsen sa ko bota giram 170 da ɗan gishiri, ki juye a fulawa giram 500, ki murza da ɗuminsa, don idan ya huce tsagewa yake yi. Kwalbar zuma da kika shafe da mai za ta maye gurbin katakon. Ki cika da naman rago ko kaza, da albasa, citta, masoro da attaruhu. Ki gasa a wuta matsakaiciya, kamar digiri 180, na wajen awa ɗaya da rabi, har tsakiyarsa ta yi zafi sosai. Romon ƙafar sa da ya sha wuta zai daskare da kansa. Na zaƙin kuma dabino da zabibi da ɓawon lemo sun wadatar, har ki rage sukari, ki yanka jinjirin wata a sama idan kin so.

Abu ɗaya dai kada ki kwaikwaya. Su a lokacin hunturu suke yin nasu, mu kuwa zafinmu ba ya ragawa nama. Idan awa biyu ta wuce da saukewa, ya shiga firiji, in kuma babu tabbacin wuta, ki yi daidai wanda za a cinye a ranar. Ki bar wa yara yankan ganyaye da taurari, ko da sun fito a karkace. Wadda ta riga mu gwadawa da naman rago, ta faɗa mana yadda ɓawonta ya tsaya.