Kasuwar Burao, Inda Ake Ciniki Da Yatsu A Ƙarƙashin Mayafi

Matafiyin da ya tashi daga Berbera, tashar jiragen ruwa da ke bakin Tekun Aden, ya nufi Burao, tafiyar kimanin kilomita 140 ce a gabansa, amma tun kafin ya ci rabinta zai gane sana'ar garin da ya dosa. Manyan motoci ne zai yi ta wucewa, masu hawa biyu ko uku, maƙare da raguna, dukkansu sun fuskanci teku. Daga filin bakin ruwa mai tsananin zafi hanya takan kama hawan duwatsun Golis, tana lanƙwasa, har ta kai garin Shaikh a can bisa, inda sanyi kan sa mutum ya nemi bargo. Sa'an nan a gangara a shiga wani faffaɗan fili mai ƙayoyi, a tsakiyarsa kuwa Burao take.

Ita ce babban garin lardin Togdheer, a arewacin ƙasar Somaliyawa. Ma'anar sunan lardin dogon rafi, amma baƙon da ya tsaya a kan gada zai ga rairayi ne kawai, domin ruwa ba ya gudu a cikinsa sai an yi ruwan sama, shi ma na ɗan lokaci. Rijiyoyin wannan rafi su ne asalin garin. A nan makiyaya suke haɗuwa su shayar da dabbobinsu, inda makiyaya suka taru kuwa, ɗan kasuwa ba ya nisa.

Garin ya ga tashin hankali daidai gwargwado. A nan Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan ya tara mayaƙansa a cikin 1899, ya kuma yi ta fafatawa da Turawan Ingila har 1920. A watan Mayu na 1988 'yan tawayen SNM suka shiga garin, sojojin Siyad Bare suka yi masa luguden wuta, jama'a suka watse zuwa Habasha. A nan ne kuma, ran 18 ga Mayu 1991, shugabannin arewa suka yi shelar ɓallewa da sunan Somalilan, matakin da gwamnatin Mogadishu ba ta amince da shi ba. Da mutane suka komo, kasuwar dabbobi na cikin abubuwan da suka tayar da garin.

Wanda ke son ganin wannan kasuwa, wadda suke kira seylad, sai ya fita bayan sallar asuba. Kafin hantsi ƙura ta turnuƙe, ba a jin kome sai kukan awaki da gurnanin raƙuma. Ragon Somaliya ba ya ɓuya: jikinsa fari fat, kansa baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a tawada, ga kitse jibge a wutsiya. Da yawa daga cikinsu daga makiyayar Haud aka koro su, wadda ta miƙa kudu har cikin Habasha, waɗansu a mota, waɗansu kuwa kwana da kwanaki a ƙafa. Iyakar da Turawa suka shata ba ta dame su ba, su da masu su.

Abin da zai fi ɗaure wa baƙo kai shi ne yadda ake ciniki. Mai dabba ba ya cika yin magana da mai saye. Tsakaninsu akwai wanda suke kira dilaal, watau dillali, kalma ɗaya ce da ta Hausa, dukkansu daga Larabci. Dillali da mai saye sukan haɗa hannu kamar za su gaisa, sai a yafa mayafi ko rawani a rufe hannuwan. A ƙarƙashin mayafin nan ake tayi, a nan ake cewa albarka. Yawan yatsun da aka kama da irin kamun da aka yi musu shi ke faɗin kuɗi. Mai kallo ba ya ganin kome sai fuskoki: wannan ya ɗaure, wancan ya girgiza kai, wani lokaci ɗaya ya fizge hannunsa ya yi kamar zai tafi, a janyo shi. In an daidaita sai a yaye mayafi a tafa. Hikimar ita ce kada na gefe ya ji farashi ya shigo ya ɓata ciniki. Sai dai tana da nata aibi, domin makiyayin da ya zo daga daji, bai san yadda kasuwa ta kwana ba, ba shi da abin dogara sai amanar dillalinsa, wanda galibi ɗan danginsa ne. Bayan duk wannan tsohon salo, biya kuwa ta wayar hannu ake yawan yinsa, tun da kamfanin Telesom ya kawo tsarin Zaad a 2009.

Makiyayi ba ya rabuwa da dabbarsa don nishaɗi. Maza yake kawowa, yana barin mata a garke, saboda su ne nono, su ne kuma haihuwar baɗi. In aka ga mutum ya jawo taguwa zuwa kasuwa, to, an san ta kai masa wuya. Lokacin rani, wanda suke kira jiilaal, daga Disamba zuwa Maris, shi ne mafi tsanani. Dabbobi sun rame, farashinsu ya faɗi, ga shi kuwa a lokacin ne ruwa ke tsada, sai an saya daga masu tafkin siminti ko motar tanki. Sai mutum ya sayar da rago biyu don ya shayar da sauran. Tsofaffi ba su manta da farin 1974 zuwa 1975 ba, wanda aka laƙaba wa Dabadheer, watau mai dogon wutsiya, sa'ad da gwamnati ta kwashe dubban makiyaya zuwa kudu ta mai da su manoma da masunta. Na 2016 zuwa 2017 ma ya bar gidaje da yawa ba ko akuya. Shi ya sa in makiyaya biyu suka gamu, bayan tambayar lafiya, labarin da ake fara nema shi ne inda aka yi ruwa.

Bayan ruwan sama, abin da ke juya wannan kasuwa shi ne aikin Hajji. Makonni kafin Babbar Salla farashi kan tashi, 'yan kasuwa su yi ta tara raguna, a kai su Berbera, likitocin dabbobi su tsare su su duba, sa'an nan a loda su a jirgi zuwa Jidda. A waɗansu shekaru bayan 2010 tumaki da awaki kimanin miliyan 3 ne suka fita ta Berbera a shekara guda. Ba mamaki alhajin Kano ko na Damagaram da ya biya kuɗin hadaya a Mina, ragon da aka yanka masa ta wannan fili ya ratso.

Amma dogara ga mai saye ɗaya yana da haɗari, Burao kuwa ta ɗanɗana. A 1998 Sa'udiyya ta hana shigar da dabbobi daga wannan yanki saboda wani zazzaɓin dabbobi da ke kama mutane. Aka buɗe a 1999, aka sake rufewa a 2000, ba a ɗage ba sai 2009. Shekara tara ke nan. Wahalar ba ta tsaya kan makiyayi ba: direba, da mai sayar da ciyawa, da yaron da ke kora, da matar da ke dafa shayi a bakin kasuwa, kowa ya ji a jikinsa.

Kafin azahar kasuwa ta watse. Makiyayi kan zauna a rumfa ya sha shayi mai madara da kayan ƙamshi, ya ci shinkafa da naman akuya. Mata na gefe da nonon raƙumi a jarkoki. A daidai lokacin ne ake buɗe ɗaurin ganyen kat da motoci ke kawowa daga Habasha, maza su yi dafifi, kuma ba ƙaramin kaso na kuɗin rago ne ke ƙarewa a nan ba, abin da matan garin suka daɗe suna kuka da shi. Wanda ya tsallake wannan tarko sai ya sayi buhun shinkafa, da sukari, da ganyen shayi, da maganin kaska, ya nemi motar da za ta yi kudu. Da la'asar sakaliya ragunan da ya sayar suna cikin mota, sun kama hanyar Shaikh, don a gangara da su bakin teku cikin sanyin dare.