Tsinken da ke tafiya a bakin iyakar Jibiya

Magamar Jibiya wuri ne na bayyana kai. Duk mai son ƙetarawa zuwa Ɗan Isa, ya wuce Maraɗi, sai ya nuna takardunsa da kayansa ga jami'an kwastan da na shige da fice. An rufe iyakar a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma a kowane karo 'yan kasuwa ne suka ji a jikinsu. Sai dai a ciyawar gefen hanya akwai wani ƙwaro da ɓuya ce sana'arsa.

Da kaka na gan shi, ina jiran mota ta cika. Wani siririn tsinke mai launin kara ya ɗaga ƙafa a jikin gamba. Yaran da ke tallar fara suka ce ƙoƙi-ƙoƙi ne. Ba shi ba ne. Ƙoƙi-ƙoƙi mafarauci ne mai hannuwa kamar lauje. Wannan kuwa ganye kaɗai yake ci, shi ma sai dare. Da rana yakan miƙe ƙafafunsa na gaba daidai da kansa, ya riƙa rangaji kamar iska ce ke kaɗa shi, tsuntsu ya wuce bai gane ba.

Danginsa sun haura iri 3,000, galibi a ƙasashe masu zafi. Wanda aka samu a Sin a 2014 ya zarce santimita 60. Namu bai wuce ɗan yatsa da kaɗan ba. Ƙwansu kamar ƙwayar iri yake, har tururuwa kan kwashe na wasu zuwa raminta. A wasu nau'o'in mace kan hayayyafa ba tare da namiji ba. In aka cafke ƙaraminsu a ƙafa yakan sake ta ya tsere, wata ta tsiro idan ya yi saɓa.

Fara tana da kuɗi, buhu-buhu ake shigo da ita daga Nijar, don haka kowa ya san ta. Wannan ba a ci, ba a sayarwa, amma ƙunar daji da feshin maganin ƙwari ba su bambanta shi da fara. Ga kuma rashin tsaro: ƙwaron dare ne, yau kuwa wane ɗalibin kimiyyar halittu daga Katsina ko Dutsin-Ma zai ɗauki tocila ya shiga dajin Jibiya bayan isha'i?